Karatun jami'a da sanda ko keken guragu: ku faɗa mana yadda kuka yi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena makaho ne, bana zai rubuta JAMB. Innarmu ta kasa barci saboda tunanin wanda zai yi masa jagora da wanda zai riƙa karanta masa. Waɗanda suka bi hanyar nan, don Allah ku faɗa mana gaskiya, ko da ba daɗi.

Wani makaho da ya gama digiri: Wa alaikumus salam. Yaya, ki kwantar wa Inna da hankali a kan JAMB. Tun 2017 hukumar ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, akwai cibiyoyin makafi har da Kano. Ana karanto tambaya da baki, kai kuma ka amsa da rubutun makafi ko na'ura. Wahalar tana cikin aji. Malami zai juya wa allo fuska yana cewa "in kun haɗa wannan da wancan", ni ina zaune ban san wanne ne wannan ba. Wayata nake ajiyewa a teburin gaba ina naɗar lacca, da dare in saurara. Takardun da ake bugawa a raba kuwa, abokin ɗakina ke karanta min bayan sallar isha'i, wani lokaci har muryarsa ta dishe. Allah ya saka masa, shekara huɗu bai taɓa nuna min gajiya ba. Ku sama wa yaron kwamfuta, ku sa mata manhajar NVDA, kyauta ce, tana karanta abin da ke kan allonta. Kuma tun makon farko ya roƙi malamai su tura masa darasi ta intanet maimakon takarda.

Wata mai keken guragu: Ni shan inna ce ta kama ni tun ina shekara uku. Ajinmu yana hawa na biyu, sai samari huɗu sun ɗaga ni da kekena. Mace ce ni, kunyar da nake ji kullum Allah kaɗai ya sani. Abin da ba a faɗa shi ne banɗaki: ƙofar ta yi wa keken kaɗan, sai na daina shan ruwa daga safe har la'asar, har a watan Afrilu. Dokar kare haƙƙin masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a 2024, matakalarmu tana nan yadda take. Na rubuta wa shugaban sashe takarda sau uku kafin aka sauko da ajin ƙasa. Ranar na yi kuka.

Wani kurma: Babu tafinta a ajinmu. Leɓen malami nake kallo, in ya juya shi ke nan. An taɓa canja ranar gwaji da baki, kowa ya ji ban da ni. Daga baya na koma kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo, a can na fara ganin lacca da maganar hannu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, na karanta wa Inna duka. Ƙanwata mai keke, maganar ruwan nan ta tsaya min a rai. In Allah ya ba shi gurbi, ni da kaina zan riƙa zagayawa da shi daga ɗakin kwana zuwa aji da masallaci har sandarsa ta san hanya. Kwamfutar kuma mun fara adashi.