Tsohuwar manhajar wasiƙu tana jinkiri tun da muka kunna IPv6

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutoci takwas a wani ofishi, kuma tun ranar da muka kunna IPv6, wato sabon tsarin adireshin intanet, a na'urar da ke raba mana intanet, tsohuwar manhajar da muke aika wasiƙu da ita tana tsayawa cak kusan rabin minti kafin ta haɗu, alhali burauza tana buɗe shafuka nan take. Na sauya DNS, wato mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, na koma 8.8.8.8 tunda adireshin tsohon tsari ne na IPv4, amma jiya i yau. Ina matsalar take?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Sauya DNS ba zai yi maka magani ba, domin hanyar da tambaya ta bi daban, amsar da ta dawo daban. Ko ta IPv4 ka tambayi 8.8.8.8, zai ba ka rikodin A mai adireshin IPv4, ya kuma ba ka AAAA mai adireshin IPv6 idan sunan da ka tambaya yana da shi. Kwamfutarka kuwa tana fifita IPv6, don haka idan hanyar ta katse a wani wuri gaba da ofishinku, manhajar za ta zauna jira har wa'adi ya cika kafin ta waiwayi IPv4. Burauza ta tsira ne saboda dabarar Happy Eyeballs, wadda aka fitar a 2012 aka sabunta a 2017: tana ba IPv6 kimanin rubu'in daƙiƙa, idan ta ji shiru sai ta saki IPv4 su yi tsere, wanda ya riga amsawa shi take riƙewa.

Malama Hauwa:
Ni da zan ba da shawara, a kashe IPv6 kawai kowa ya huta.

Injiniya Bala:
Zai huta yau, Malama, amma ciwon yana nan, ga shi tun Fabrairun 2011 IANA, hukumar da ke rabon adireshin intanet a duniya, ta raba ragowar adireshinta na IPv4. Malam Sani, ka rubuta ping -6, wato umarnin gwada hanyar IPv6, tare da sunan da manhajar ke nema, ka ga ko za a amsa maka.

Malam Sani:
Na gwada, Injiniya. Adireshin IPv6 ya fito, amma saƙo huɗun duk sun tafi babu amsa, ping -4 kuwa ya amsa nan da nan. Na aika wa kamfanin da ke ba mu intanet hoton allon.