Neman shawara: laburaren famwayar kibod ɗina ya fi ƙarfina, in ci gaba da faci ko in sake lale?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah ku taimaka min da shawara, abin nan ya kai min iya wuya. Na daɗe ina haɗa kibod da hannuna, irin mai rabi biyu ɗin nan, kowane ɓangare da ƙaramin allon cip ɗinsa mai suna Pro Micro, QMK nake ɗora musu, wato famwaya, manhajar da take gudanar da kibod daga cikin cip ɗin. Da farko tsarin maɓallaina kawai nake gyarawa, a hankali a hankali sai ga shi na tara kod mai yawa har ya zama ɗan laburare, yanzu mutum goma sha ne suke amfani da shi a nasu kibod ɗin.

Inda na ɓata shi ne, lokacin da nake fama da maɓallan nan masu aiki biyu, wanda in ka taɓa ya ba ka harafi in ka danne ya zama Shift ko Ctrl, suna ta yi min kuskure in ina sauri, sai kawai na shiga cikin quantum/action_tapping.c, fayil ɗin QMK kansa, na sa hannu, na ce in maɓallan biyu na hannu ɗaya ne a ɗauke su harafi. Ya yi aiki wlh, amma daga nan na ji tsoron janyo sabon QMK, rabona da shi tun farkon 2022. Satin da ya wuce na gwada haɗe nawa da sabon QMK, rikici ya cika min fuska, RESET ma ya koma QK_BOOT, abubuwan da na sani a config.h an kwashe su an kai fayil ɗin json, na gyara nan can ya ɓalle. Ga filash, wurin ajiyar kod a cikin cip, ya kusa cika, ga mutane suna ta roƙo, wannan yana son ƙaramin allon OLED, wannan yana son haruffan da babu a kibod na Turanci irin su ƙ da ñ, wani ma cewa yake mara waya yake so. Kunyar ce musu a'a nake ji. Me zan yi?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka kwantar da hankalinka, duk wanda ya daɗe a harkar nan ya taɓa faɗawa ramin da kake ciki. Amma kar ka ɓata ƙarfinka wajen warware rikicin haɗewar nan layi-layi, ba za ka gama ba. QMK duk wata uku suke juye reshen develop, inda ake tara sabon aiki, cikin babban reshe master, ƙarshen Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba, kuma a lokacin ne suke sakin canje-canjen da ke karya tsohon kod. Ka lissafa zagaye nawa ya wuce ka tun 2022, ka ga tulin da kake son haɗiyewa lokaci guda.

Abin da zan yi in ni ne, in sauko da sabon QMK tsaf ban taɓa komai ba, in ajiye tsohon nawa a gefe ya zama abin dubawa kawai. Sai in yi git diff, umarnin da yake nuna bambancin kod, tsakanin tsohon nawa da ainihin komit ɗin da na tsage daga gare shi, nan za ka ga me da me ka canza da gaske, yawanci bai kai yadda mutum yake zato ba. Sai ka raba shi kashi biyu, wanda yake naka zalla da wanda ka cusa a cikin cikin QMK. Naka zalla ka fitar da shi waje gaba ɗaya, tun Nuwamba 2023 akwai External Userspace, ma'ajiyarka daban tasu daban, sannan a Fabrairu 2025 suka kawo Community Modules wanda kamar don irinka aka yi shi, kowane aiki ka naɗe shi a fakitinsa, mai so ya rubuta sunansa a keymap.json shikenan, ba sai ya kwafe kod ɗinka yana liƙawa a process_record_user ba.

Wancan facin na action_tapping.c kuwa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ina ganin goge shi za ka yi. Abin da ka kwatanta, na hannu ɗaya harafi na hannu biyu dannewa, shi ne Chordal Hold, ya shiga QMK a Fabrairu 2025 ɗin nan dai, define guda ne a config.h. Na san da ciwo mutum ya yi dare da rana kan abu sannan a ce ya share, amma kod ɗin da ba kai kake goyonsa ba ya fi maka sauƙi, kuma nasu ya sha gwaji a hannun mutane da yawa. Ka kuma lura, IGNORE_MOD_TAP_INTERRUPT an cire shi a 2023 saboda halinsa ya zama shi ne na asali, don haka yadda maɓallan suke ji a yatsa zai ɗan canza ko ba ka taɓa komai ba, ka bar TAPPING_TERM a 200 ɗinsa ka yi kwana biyu kana rubutu kafin ka fara murɗa shi.

Ɗan Mara Waya:
Ni dai gaskiya tunda har sake lale za ka yi me zai hana ka koma ZMK kawai, wata famwayar kibod daban da aka yi don mara waya? Bluetooth ɗinsa lafiya lau, ka sa allon nice!nano a gurbin Pro Micro, batir ya daɗe, kuma tsarin nasu tun asali a waje kake ajiye kayanka.

'Yar Injiniya:
A'a malam, kar ka ɗora masa wani kayan a kan wanda yake ɗauke da shi. ZMK abu ne mai kyau ban musa ba, amma a kan wani tsarin manhaja daban mai suna Zephyr aka gina shi, tsarin maɓallai da devicetree ake rubutawa, kod ɗin C da ya rubuta wa QMK ko layi ɗaya ba zai hau kai tsaye ba, sabon karatu ne. Sannan cip ɗin mutanensa ATmega32U4 ne, ZMK baya hawa kansa, kenan kowa sai ya cire kwakwalwar kibod ɗinsa saboda mutum ɗaya yana son mara waya. Ga maganar lasisi, QMK GPL ne ZMK kuma MIT, duk abin da ya ɗebo daga cikin QMK ba zai iya kai shi can ya canza masa lasisi ba.

Maganar filash nake so in taɓa. Cip ɗin nan KB 32 gare shi, butlodan Caterina, ɗan kod ɗin da yake karɓar sabuwar famwaya, ya cinye 4, saura bayit 28672, shi ne lambar da kake gani a ƙarshen kompayil. Kafin ka ce ya cika ka duba rules.mk, ka sa LTO_ENABLE = yes, ka kashe CONSOLE_ENABLE da COMMAND_ENABLE, in ba mai amfani da linzamin kibod ka kashe MOUSEKEY_ENABLE, in akwai fitilu ka rage salon walƙiyar da ba a kunnawa don suna cin wuri sosai. Amma ka shirya, sabon QMK zai iya fin tsohon naka nauyi. Shi ya sa raba laburaren gida-gida ya zama dole, mai son OLED ya kunna OLED, wanda baya so kar ya biya kuɗin wurin da bai zauna ba.

Mai Dalma:
Ƙari a kan maganar Hajiya 'Yar Injiniya, masu son kaya da yawa ka nuna musu cip ɗin RP2040. Akwai alluna masu ƙafafu irin na Pro Micro sak, RAM ɗinsa KB 264 ne inda wancan yake da 2.5, filash kuwa megabayit ake magana, QMK ya karɓe shi tun Agusta 2022, wato bayan ka tsaya. Da CONVERT_TO za ka kompayil ba sai ka sake rubuta bayanin kibod ba. Abu biyu dai, shi 3.3V yake aiki ba 5V ba, ka duba abin da ka jona masa. Na biyu in a laburarenka ka taɓa rubuta PORTB ko DDRD kai tsaye to zai ƙi, wannan yaren AVR ne, dangin su ATmega32U4, ka mayar da su gpio_set_pin_output da 'yan'uwansa. Ni sai da na kwana biyu ina zargin dalmar da na yi ashe layi uku ne a kod.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Tsohon Hannu, na yi diff ɗin da ka ce, abin mamaki fayil huɗu kawai na taɓa a cikin QMK, sauran duk nawa ne. Chordal Hold kuma na karanta bayaninsa, shi ne dai abin da nake yi har ya fi nawa, jikina ya ɗan yi sanyi amma zan goge. Abin da ya rage min tsoro shi ne mutanen da suke amfani da shi, in na saki sabo ya lalata musu saiti fa? Akwai masu VIA a cikinsu, manhajar da ake canza tsarin maɓallai da ita daga kwamfuta. Kuma akwai wata matsala da ta daɗe, leyar lambobi, wato shafin da maɓallai suke komawa lambobi, na sa ta kashe kanta bayan minti biyu in ba a taɓa ba, amma bata taɓa kashewa.

'Yar Injiniya:
Ta biyun mai sauƙi ce, na tabbata timer_read ka yi amfani da shi. Milisakan yake ƙirgawa kuma bit 16 ne, yana wuce 65535 yake komawa sifili, wato sakan 65 da ɗoriya, minti biyu kuwa 120000 ne, ba zai taɓa isa ba. Ka koma timer_read32 da timer_elapsed32, ko ka yi amfani da defer_exec. Kuma in akwai wait_ms mai tsawo a ko'ina ka cire, duk lokacin da yake jira kibod baya duba maɓallai, harafi zai riƙa ɓacewa.

Tsohon Hannu:
Tsoronka na VIA yana kan hanya. VIA a EEPROM, ƙaramar ma'ajiyar saiti ta cikin cip, yake ajiye tsarin maɓallai, kuma lambobi yake ajiyewa ba sunaye ba, lambobin nan kuwa an sake musu tsari bayan lokacin da ka tsaya. Don haka ka gaya musu tun kafin su filasha, kowa ya ɗauki hoton leyoyinsa, bayan sun ɗora sabo su share EEPROM da EE_CLR su sake jerawa, kar su dogara da tsohon fayil ɗin ajiya. In laburarenka ma yana ajiye nasa saitin a can, ka ware bayit guda na lambar siga, in ya tashi ya ga lambar bata dace ba ya koma saitin asali.

Tsohon kuma kar ka goge shi, ka sa masa tag ka rubuta cewa ya tsaya nan ba za a ƙara masa komai ba, wanda kibod ɗinsa yake aiki lafiya ya zauna a kai. Sabon ka sa GitHub Actions, mai gudanar da aiki da kansa a GitHub, ya riƙa kompayil ɗin duk kibod ɗin mutanenka, har da reshen develop ko sau ɗaya a sati, ka ga karyewar tun tana tafe.

Masu roƙo kuwa, mai son ƙ da ñ ka fahimtar da shi kibod ba harafi yake aikawa ba, lambar maɓalli yake aikawa, Unicode ɗin QMK dabara ce da ta dogara da kwamfutar, a Linux Ctrl+Shift+U, a Mac sai an kunna Unicode Hex Input, a Windows yawanci sai an sa WinCompose. Yana nan a QMK, ka nuna masa UNICODEMAP ya kunna da kansa, ba aikin laburarenka bane. Mai mara waya ka tura shi wajen ɗan'uwanmu Ɗan Mara Waya da ZMK ɗinsa. Mai OLED ka ce ya rubuto ya turo ka duba, da sharaɗin in ya karye nan gaba shi zai gyara.

Mai tambaya:
To madalla. timer_read ne kuwa Hajiya, na canza yanzu leyar ta kashe kanta daidai minti biyu. Yau da daddare zan fara da kibod ɗina tukuna, in ya yi sati ba matsala sai in ba mutum biyu su gwada. Yaya Tsohon Hannu, in na maƙale a wajen mayar da shi Community Module zan dawo in dame ka, akwai wani ɓangare da yake taɓa matrix_scan da ban gane inda zan rataye shi ba.

Tsohon Hannu:
Ka dawo ba komai. Amma ka fara gwada housekeeping_task, yawancin abin da mutane suke cusawa a matrix_scan can ne gidansa. Ka manno min aikin da yake yi in gani.