Raƙuman dawa na Kure: shawarwarin masu ja-gora da manoma

Da aka tattauna a Yamai kan raƙuman dawa na Kure, mai nisan kilomita kusan 60 a hanyar Doso, an fara da tuna cewa a 1996 saura 49 kawai suka rage. Yau sun haura 600, har a 2018 aka kai 8 gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi.

Ga mai zuwa kallo, lokaci ne kan gaba. Da damina suna kan tudun Kure cikin geza. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Boso wajen gawo, domin shi ke da ganye a lokacin. A ɗauki ɗan ja-gora na ƙauyen, a fita da sanyin safiya, a kashe mota nesa a ƙarasa a ƙafa ba hayaniya. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta, harbinta na iya kisa. Tun harin da 'yan bindiga suka kai wa baƙi a Kure a Agustan 2020 kuma, sai an tambayi hukuma halin tsaro kafin tafiya.

Inda aka fi daɗewa shi ne kukan manoma, kuma da gaskiyarsu. Raƙumin na cin wake da mangwaro. Shawara ita ce a kwashe harawa da wuri a kai gida, kada a bar ta a gona ko kan icce, inda wuyansa ke kaiwa. Kuɗin baƙi kuwa a bayyana rabonsa gaban mai gari, a ga rijiya da rancen mata da aka yi da shi, in ba haka ba manomi zai ɗauki dabbar abokin gaba.

Direbobi su rage gudu, ana buge su a kwalta. Masu saran icen da ake kawowa Yamai su bar gawo.