Gwajin ido daga gida ta waya: wa ya taɓa yi, yaya ta kasance?

Mai jinyar Mama: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi wa mahaifiyata aikin yanar ido a idon dama, an kuma duba ta bayan aikin, lafiya lau. Yanzu sun ce ganin likita na gaba ta kiran bidiyo za a yi, mu auna mata ƙarfin gani a gida mu tura musu kafin ranar. Mama ba ta karanta boko, ni kuma ban taɓa yin irin wannan ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu labarin yadda tasa ta kasance, da daɗi da rashinsa.

Malamin firamare: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Rashin karatu ba zai hana komai ba. Na yi wa mahaifina da manhajar Peek Acuity, harafi ɗaya ne kawai take nunawa, wato E, yana juyawa sama, ƙasa, hagu ko dama. Baba ya zauna a kujera, na ja baya mita 2 riƙe da waya, shi yana nuna min da hannu inda ƙafafun harafin suka fuskanta, ni kuma ina shafa fuskar wayar zuwa can ba tare da na leƙa ba. Harafin yana ta ƙanƙancewa har ya gagare shi, sai sakamako ya fito. An gwada manhajar a Kenya, aka wallafa binciken a 2015, kuma sakamakonta ya yi kusa da na allon asibiti. Akwai kuma WHOeyes ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ta fito a 2023, ta 'yan shekara 8 zuwa sama. Amma ki fara tambayar asibitin wacce suke so, don wasu takarda suke turowa a buga a manna a bango.

Ma'aikaciyar jinya, sashen ido: Malam ya faɗi daidai. Ni a ɗaya gefen nake, mu ne muke karɓar irin waɗannan sakamakon, kuma abin da ya fi ɓata su shi ne tazara. Mutum ya ƙiyasta da taku ya ce ai mita 2 ne, alhali ɗaya da rabi ne, sai gani ya fito ya fi yadda yake kyau. Ki sa tef ɗin awo, daga idon Mama zuwa fuskar wayar. A yi a ɗaki mai haske, kada taga ta kasance a bayanki tana kashe mata ido. Ido ɗaya bayan ɗaya, a rufe ɗayan da tafin hannu ko kwali ba tare da an danna shi ba, musamman wanda aka yi wa aiki.

Za ki ga lambobi kamar 6/6 ko 6/18. Wannan lissafi ya samo asali daga allon da likitan Holan, Herman Snellen, ya fitar a 1862, wanda ake tsayawa mita 6 a karanta. Idan aka ce 6/18, ana nufin abin da mai lafiyar ido zai gani daga mita 18, wannan sai ya matso mita 6. Wayar ita take yin lissafin gajeriyar tazarar da kanta. Ki rubuta na kowane ido daban, ki kuma faɗa ko da tabarau aka yi ko babu, don sau da yawa sai mun sake kiran mutane a kan wannan kaɗai.

Direban babbar mota: Ni gargaɗi na zo da shi, kuma ina so a karanta da kyau. Na daɗe ina gwada idona da waya saboda aikina, kullum 6/6 nake samu a ido biyun, hankalina kwance. Abin da ya fara ba ni tsoro, mai babur ya kan zo ta gefena ban gan shi ba sai ya kusa shan gabana. Da na yi wa likita bayani ta bidiyo, bai ɓata lokaci ba ya ce in zo da ƙafata. Aka auna ƙarfin ruwan cikin idon, aka ce ya haura 21, wanda shi ne iyakar abin da aka saba gani. Aka zaunar da ni gaban wata na'ura mai ƙyalla ɗigon haske ina danna maɓalli, sai ga shi ganin gefe na idon hagu ya ragu sosai. Hawan jinin ido ne, wanda likitoci ke kira gilakoma. Likitan ya ce daga gefe cutar take fara cin gani, tsakiya ne yake zama na ƙarshe, shi ya sa nake karanta ƙananan haruffa lafiya lau alhali jijiyar gani tana lalacewa. Abin da ya tafi ba ya dawowa, ɗigon maganin da nake sawa kullum na tsare saura ne. Kiran bidiyon ya yi min rana, don shi ya tura ni asibiti. Amma wanda ya haura shekara 40, ko akwai cutar a danginsu, ya je a auna shi da na'ura ko da wayar ta ce masa garau yake.

Maman 'yan biyu: Allah ya tsare sauran, Malam direba. Nawa na yara ne. Likita ya turo mana allo mai hotuna, gida da tuffa da da'ira da murabba'i, saboda ba su kai karatu ba. Ɗayar ta wuce ba matsala. Ɗayan kuwa da na rufe masa idon dama sai ya fara fizge hannuna yana kuka, na hagun kuma ko a jikinsa. Likitan yana kallo ta bidiyo, ya ce wannan fizgewar ita ma alama ce. A asibiti sai da aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido kafin a auna masa tabarau, abin da ba zai yiwu a gida ba. Yanzu muna manne masa lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum don raunannen ya koyi aiki, kuma an ce gyaran ya fi kamawa kafin shekara 7 ko 8. Masu gwada yara ku lura, suna leƙe ta tsakanin yatsu.

Mai ciwon suga: Nawa ba a gida ba ne gaba ɗaya. A inda nake karɓar magani ake ɗaukar hoton bayan idona da kyamara ta musamman, a tura wa likitan ido da ke nesa ya duba, duk shekara. Suga tana lalata ƙananan jijiyoyin jinin bayan ido tun mutum bai ji komai ba, kuma kyamarar waya ba ta hango can haka kawai.

Dattijo mai ritaya: 'Yata, ni takardar Amsler likita ya ba ni, mai layuka a tsaye da a kwance da ɗigo a tsakiya. Ina sa tabarau na karatu, in riƙe ta kamar yadda nake riƙe littafi, in rufe ido ɗaya in kafa wa ɗigon ido. An ce duk ranar da layukan suka lanƙwashe ko wani wuri ya ɓace, in kira nan take. Ta sauƙaƙa min yawan zirga-zirga, ga ciwon gwiwa. Abin da nake so da gwajin gida, ni ne nake fara sanin an samu canji, ba sai ranar asibiti ta zagayo ba.

Mai jinyar Mama: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na kira asibitin, sun ce mai harafin E ɗin za mu yi, mu haɗa da hoton idon. Anti ma'aikaciyar jinya, yaya ake ɗaukar hoton ya fito sosai? Sannan me zan gani in san ba na jiran ranar bidiyo ba ne?

Ma'aikaciyar jinya, sashen ido: Ki goge gilashin kyamarar, ki yi amfani da ta bayan waya, Mama ta fuskanci taga da rana. Kada ki matsa har hoton ya dushe, ki ɗauka daga ɗan nesa sannan ki jawo shi. Ɗaya na ido biyun tare, don likita ya kwatanta, ɗaya na wanda aka yi wa aiki. Amma idan ganin ya ragu bayan ya fara washewa, ko idon ya ƙara ja da ciwo mai tsanani, ko ruwa mai kauri yana fita, ko ta ce tana ganin walƙiya, baƙaƙen ɗigo masu yawa farat ɗaya, ko duhu yana rufowa daga gefe, ki ajiye waya ki kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne.