Jingar bayan gidanmu ta sake ɓallewa, ina neman shawara

Ɗan Kusiri:
Salamu alaikum jama'a. Gidanmu na gefen kogin Logone ne, bara muka haɗa kuɗi da maƙwabta muka tada jinga da buhunan yashi, wallahi cikin Oktoba dare ɗaya ruwa ya shigo ta ƙasanta, da asuba tabarmin sallah na yawo a tsakar gida. Bana kafin kogi ya kawo muna so mu gyara, yaya ake yi ta riƙe?

Baban Yara Maga:
Wa alaikumussalam ƙanina. Yashi ai shi ne matsalar, ruwa ratsa shi yake kamar rariya. Laka za ku nema, irin baƙar ƙasar karal ɗin nan, kuma ba jibgawa ake yi lokaci ɗaya ba, a zuba kamar taƙi ɗaya a yayyafa ruwa a daɓe sosai sannan a ƙara, gindin ya yi faɗi ninkin tsayin sau da yawa. Dig ɗin Maga da kake ji, wato babbar jingar tafkin garinmu, kilomita 27 ne kuma ƙasa ce zalla tun 1979, ita ke riƙe da ruwan shinkafar kamfanin gwamnati na SEMRY, daɓe ne ya tsaida ta. Duk da haka a ambaliyar 2012 sai da hankalin kowa ya tashi a nan.

Mai Katafila:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya, kar ku haƙi ƙasar daga gindin jingar, kowa haka yake yi don sauƙi, ramin nan shi zai ci ku. Ku dasa ciyawa a jikinta, ku hana shanu hawa, ku riƙa duba ramin ɓera da gara. In ruwa na tsattsafowa ta baya garai-garai da sauƙi, in ka ga ya fito da laka to cikinta yake kwashewa, ku tada yara.

Maman Hajara:
Hmm ku dai kuna ta tadawa, ruwan ina zai je? Mu a Waliya ta N'Djamena a ambaliyar 2022 haka aka yi mana, unguwar sama suka toshe nasu ya juyo kanmu.

Ɗan Kusiri:
Yaya Allah ya ba da haƙuri, za mu fara zama da mai unguwa tukuna. Alhaji lakar nan ana sawa a buhu ko zubewa ake?