Me ake sawa cikin baka in ana mayar da labari wasan kwaikwayo?

Malamar Hausa, Daura:
Assalamu alaikum. Ɗalibaina na ƙaramar sakandare za su yi wasan Bayajidda ranar rabon kyaututtuka, ni aka ɗora wa rubutawa. Maganganun 'yan wasa ba su ba ni wahala ba. Inda na maƙale shi ne bayanin da ake sawa cikin baka ( ), wato umarnin abin da ɗan wasa zai yi. Labarin ya ce tsohuwa Ayana ta tsorata da baƙo Bayajidda ya nemi guga, don macijin rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. In zuba wannan duka a ciki?

Tsohon ɗan dirama, Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam, Malama. A'a, kada ki zuba. Iyayen da za su zauna kallo ba za su ga takardarki ba, abin da yaro ya yi ko ya faɗa kaɗai zai isa gare su. Zancen Juma'a ki sa shi a bakin Ayana. Tsoron kuwa ki mai da shi motsi: (Ayana ta ja da baya, ta ɓoye gugan a bayanta.) Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta san yadda za ta yi wannan. In kika rubuta "ta tsorata", ido kawai za ta zaro ta tsaya.

Ki kuma lura da kayan wasa. In Bayajidda ya sare kan macijin, ki rubuta ƙarara cewa ya sa shi a jaka ya fita da shi. In ba haka ba, me zai nuna wa Daurama washegari da masu ƙarya suka fara cewa su suka kashe?

Uwar Biyu:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni roƙona a rage. "Cikin fushi", "cikin murmushi" a kowane layi ruɗa yara yake yi. Na ga wanda ya haddace har da na cikin bakan ya rangaɗa shi a gaban jama'a, ya sauko yana kuka, abin tausayi wallahi.

Malamar Hausa, Daura:
Allah ya saka da alheri. To macijin fa, Baba? Ba mu da labule, a fili za mu yi.

Tsohon ɗan dirama, Ƙofar Marusa:
Ki rubuta abin da za ku iya kawai. Rijiyar a kewaye ta da tabarma, yaro ya tsuguna ciki da kan maciji na tsumma a hannu. A farkon fitowar ki sa: (Dare. Rijiya a hagu, Bayajidda ya shigo ta dama.) Hagu da damar na ɗan wasa ne in ya fuskanci jama'a, ki faɗa wa yaran tun ranar gwajin farko.