Muhawara: Baƙo Ya Yi Cinikin Albashi, Ko Ya Sa Hannu Ya Yi Shiru?

Sabon Dakta: Assalamu alaikum malamaina. Wata jami'a a ƙasar waje ta turo mini takardar tayin aikin koyarwa. Babban yayana ya ce kada in kuskura in taɓa maganar kuɗi, wai baƙon da ke jiran a nema masa biza ba shi da bakin ciniki, da na fara ja-in-ja za su kira wanda ke bi na a jeri. Don Allah ku haska mini.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙanina, yayanka ya faɗa maka gaskiya. A 2014 wata ƙaramar kwaleji a jihar New York ta yi wa wata malamar falsafa tayin aiki. Ta amsa da imel tana neman ƙarin albashi, da hutun haihuwa na zango guda, da hutun bincike kafin a tabbatar da ita, da a ɗage mata fara aiki da shekara guda. Amsar da ta samu ita ce an janye tayin gaba ɗaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ka sa hannu, ka shiga, in ka zauna da gindinka sai ka nemi gyara.

Farfesan Injiniya (Amurka): Allah ya gafarta Malam, labarin nan ya yi ta yawo ne saboda ba a saba ganin irinsa ba. Kwamiti ya kwashe watanni yana tace takardu, an biya kuɗin jirgi da masauki an kawo mutane hira, an yi zama an kaɗa ƙuri'a an zaɓi mutum ɗaya. Ba za su so su koma baya don ya yi tambaya cikin ladabi ba. Kuma maganar "ka shiga sannan ka nemi gyara" ita ce ta fi cutar da mutane. A nan ƙarin albashi na shekara kaso ne na abin da kake karɓa, haka ma abin da jami'a ke zuba maka a asusun ritaya. Wanda ya fara a ƙasa, a ƙasa zai yi ta tafiya, har wata rana ya ga an ɗauko sabon yaro da albashin da ya kusa nasa. Lokacin da kake da ƙarfi shi ne tsakanin ranar da suka ce "kai muke so" da ranar da ka sa hannu.

Sannan ƙanina, ka duba takardar da kyau. Yawancin albashin malamai a Amurka na wata 9 ne, na bazara daga tallafin bincike ko ƙarin koyarwa yake fitowa. Ka tambayi kwasa-kwasai nawa za ka koyar a zango, domin biyu-biyu da huɗu-huɗu ba rayuwa ɗaya ba ce. In aikinka na ɗakin gwaji ne, kuɗin kafa ɗakin ya fi albashin ma muhimmanci. Jami'o'in gwamnati a jihohi da yawa albashinsu a bayyane yake a intanet, za ka ga abin da aka ba wanda aka ɗauka bara.

Malamar Ilimin Tattali (Ingila): Ranka ya daɗe Farfesa, wannan duk Amurka ce. In ya ɗauko wannan salon ya kawo Ingila, zai sha mamaki. A nan akwai tsanin albashi guda na ƙasa baki ɗaya, ƙungiyar masu jami'o'i UCEA ce ke zama da ƙungiyoyin ma'aikata irin su UCU a kansa. Shugaban sashe ba shi da ikon ƙirƙiro maka wani adadi daga aljihunsa, sai in kujerar farfesa ake magana. To amma Malam ma bai yi daidai ba, domin kowane muƙami yana da 'yan matakai a cikinsa, kuma in ka yi shiru a mataki na farko za a ajiye ka. Wanda ya nuna shekarun koyarwa da rubuce-rubucen da ya wallafa yana iya hawa mataki ɗaya ko biyu.

Inda kuɗin gaske yake shi ne biza. Tun Fabrairun 2024 kuɗin lafiya da baƙo ke biya fam 1,035 ne a shekara ga babba, 776 ga yaro, kuma a dunƙule ake biya tun wajen neman bizar. Miji da mata da yara biyu a bizar shekara 5, fam 18,110 ke nan, ba a ma zo kan kuɗin bizar kanta ba. Wasu jami'o'in suna mayar wa ma'aikaci nasa kaɗai, wasu suna ba da bashi marar ruwa don iyali, wasu kuma sai ka tambaya za ka ji akwai tsarin. Mutum ya yi shiru a kan wannan da sunan kunya?

Alhaji (tsohon malami a yankin Gulf): Hajiya ta taɓo inda ya kamata. A Saudiyya da Katar da Daular Larabawa ba a cire harajin albashi, shi ya sa mutane ke ganin jimilla su ruɗe. Ku raba ta gida biyu: ainihin albashi, da alawus-alawus. A dokar ƙwadago ta Daular Larabawa, kuɗin sallama na kwana 21 ne a kowace shekara cikin shekaru 5 na farko, sannan kwana 30, kuma da ainihin albashin ake lissafi, ban da kuɗin gida da na mota. Na zauna da wani abokin aiki ranar da aka miƙo masa lissafin sallamarsa. Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa, yana bin layin da yatsa. Shekarun nan duk ya ɗauka da jimillar za a buga. Baƙo a can ba shi da fansho, wannan kuɗin shi ne guzurinsa. Sai kuɗin makarantar yara: yara nawa za su ɗauka, kuma ina iyakar abin da za su biya wa kowane ɗaya? Tikitin jirgi na shekara, kai kaɗai ne ko har iyali? Jami'o'in gwamnati suna da jadawalinsu da ba ya motsi sosai, amma shekarun aikin da za su ƙirga maka, wannan ana tattaunawa, in takardunka na shaida sun cika.

Malamin Tarihi: Duk na ji ku. Amma dukanku manya ne da kuka riga kuka kafu. Yaron nan jiya-jiya ya kare digirinsa na uku, ba shi da wani tayin a hannu. Da me zai yi cinikin? Kuma Farfesa ya san ƙananan kwalejojin da koyarwa ce ginshiƙinsu, da ka ce a rage maka aji sai su karanta cewa zuciyarka ba ta wajen ɗalibai.

Farfesan Injiniya (Amurka): Wannan ta biyun na karɓa, Malam. Ka san wa kake magana da shi. Kuma kada ya jero buƙatu goma. Ya zaɓi biyu ko uku da suka fi damunsa, ya fara da cewa yana son aikin, ya kawo su a matsayin tambaya. Abu ɗaya da ba a yi: ƙaryar cewa wata jami'a ma tana nemanka. Shugaban tsangaya zai iya cewa ka turo takardar ya gani. In Amurka ce, ya tambayi ko za su nema masa izinin zama na dindindin, domin hanyar da aka sauƙaƙa wa malaman jami'a tana da wa'adin wata 18 daga ranar da aka zaɓe shi. Ni na fi son a yi irin wannan magana ta waya.

Malamar Ilimin Tattali (Ingila): A yi ta waya, amma a kammala a rubuce. Shugabannin sashe suna sauka, wanda ya gaje su takarda kawai ya sani.

Sabon Dakta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tayin daga Ingila ne. Na sake karantawa yanzu: mataki na farko suka sa ni, kuma babu kalma ɗaya a kan biza. Na koyar shekaru kafin in tafi digirin, ga mata da yara.

Malamin Tarihi: To ka tambayi bizar, wannan haƙƙinka ne ka sani. Matakin albashi kuwa, ni dai har yanzu ina ganin ka bar shi.

Malamar Ilimin Tattali (Ingila): Malam, da girmanka, a'a. Ƙanina, ka nemi takardar shaidar shekarun koyarwar nan daga inda ka yi aiki, mai kwanan wata na farawa da na gamawa. Ka haɗa da imel ɗin, ka tambayi duka biyun a layi huɗu. Turo mini in duba kafin ka aika.